Anti Araba da Shafin Matar Mamaci

A Elmina in mutum ya mutu, kafin a share hawayen farko an fara tambayar wa zai rubuta masa yabo. Gawa tana iya yin wata biyu a mutuware tana jiran dangi su gama gardamarsu, babu wanda zai ce an daɗe. Amma ɗan littafin nan da ake raba wa jama'a a coci ranar binnewa, shi kam ba a wasa da shi. Hoton mamaci a bango, tarihinsa a ciki, sai kuma yabo shafi-shafi: na mata, na 'ya'ya, na coci, na abokan sana'a. Kuma duk da Turanci, ko da mamacin bai taɓa haɗa kalma biyu ta Turanci ba tun da aka haife shi. Shekara talatin da ɗaya, duk mai son aikin nan ya fita da kyau shagon Anti Araba Baiden yake nufa, wani ɗan shagon katako mai shuɗin fenti a gefen gidan waya.

Gajeriya ce, kakkaura, tabarau kullum a ƙarshen hanci, ga baki kamar reza. Tsohuwar tafiretarta ta fi wasu alƙalan garin shekaru, kuma in tana bugawa har bakin titi ana ji. Mutane suna tsoronta, suna kuma zuwa, don abin da ta rubuta in aka karanta a coci har maza sukan nemi hankici.

Yadda take aiki ne ya sa ake tsoronta. In ka zo, ba za ta taɓa takarda ba. Za ta zaunar da kai a kan benci, ita tana kan kujerarta, ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "Me ya yi, wanda ka gani da idonka?" In ka ce mutumin kirki ne, sai ta ce kirki ba aiki ba ne, wane abu ya yi, ran wace rana? In ka ce ya riƙe zumunci, sai ta ce da wane hannu? Haka za ta yi ta tsare ka har ka yi gumi. An yi wani direban tasi da ya zo kan mahaifiyarsa, ya yi awa guda yana ta maimaita cewa uwa ce ta gari, har sai da ya tuna duk ranar da abinci bai kai ba takan ce cikinta ne ke ciwo. Nan ya kifa kai a gwiwa ya yi ta kuka kamar yaro. Anti Araba ta bar shi ya gama, sannan ta sa takarda a tafireta. Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa karya ta ba: abin da za a sa sunanka a ƙarƙashinsa, sai abin da kai ka gani.

Akwai kuma wata kalma da take rowarta fiye da yadda take rowar kuɗinta. Turawa, in ji ta, suna da kalmomin yabo kala-kala. Akwai wadda ake wa yaro in ya ci jarrabawa, akwai wadda ake wa mai miya in miya ta yi daɗi. Amma akwai babbarsu, extol. Tsohon malaminsu na makarantar koyon tafireta, Mista Hagan, shi ya koya musu cewa asalinta ɗagawa sama ne. Wato ka ɗauki mutum da hannu biyu ka ɗaga shi har na can baya su hango. Ba a yi wa mutum ita a cikin ɗaki, sai a gaban jama'a. Ba a kuma sakinta haka kawai, sai ka ambaci halin ko aikin da kake ɗaga shi dominsa. A waƙoƙin coci ma Ubangiji ake yi wa ita. Masu tallan magani sun ɗauke ta suna shafa wa man zafi da sabulu, wannan kuwa yana ƙona mata rai ba kaɗan ba. In wani ya matsa mata sai ta sa masa kalmar nan a yabon kawunsa, takan ce, "Ɗana, in ka ɗaga mutum sama, kowa zai ga tafin ƙafarsa. Ka tabbata ka duba?" A shekara talatin da ɗaya ba ta buga kalmar nan sau goma ba.

Wanda ya ga ba zai iya da ita ba sai ya wuce gaba kaɗan, shagon Fiifi mai kwamfuta. Shi yabonsa a shirye yake, suna kawai ake canzawa, kuma kalmar nan yana barbaɗa ta kamar gishiri. An taɓa binne wani ƙaton maƙeri mai 'ya'ya goma sha biyu, aka buɗe littafi a coci aka tarar ana yabonsa da cewa uwa ce mai tausayi. Anti Araba ta yi shekara tana ba da labarin nan.

To, ranar wata Talata, ranar da masunta ba sa shiga teku, aka tarar da Egya Kwamena jingine da kwalekwale, taru a cinya, allurar ɗinki a hannu, rai ya yi halinsa. Labari ya iske Anti Araba tana tsakiyar layi. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta ƙarasa layinta.

Egya Kwamena mijinta ne, ko kuwa a ce ya taɓa zama. 'Yarsu Ewuresi tana da shekara uku ya bi jirgin masunta zuwa Abidjan, ya ce kaka ɗaya zai yi ya dawo. Sai da ya yi shekara goma sha takwas. Ba wasiƙa, ba saƙo, ba ko tsinken kifi. Yarinya ta yi ƙyanda har aka fid da rai, ba ya nan. Mahaifiyar Araba ta rasu, ba ya nan. Da yatsunta goma ta ciyar da 'yar, ta sa ta makaranta, har ta zama nas a Takoradi ta yi aure. Da ya dawo, da jaka ɗaya da ƙafa mai ɗingishi, sai ya kama wani ɗaki a bakin teku yana ɗinkin taru. Shekara shida yana garin, ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. A wajenta ya riga ya mutu tun tuni, abin da ya rage a sa shi a rami.

Mako biyar bayan rasuwar, ranar Juma'a, sai ga Opanyin Ekow, shugaban dangin mamacin, da mayafinsa a kafaɗa da tsofaffin mata biyu a bayansa. Ta ɗauka aiki suka kawo, har ta nuna musu benci. Ya zauna, ya gyara murya, ya ce an sa binnewa Asabar ta mako mai zuwa, mai ɗab'i kuma yana son takardu ranar Laraba da tsakar rana. Komai ya kammala, saura shafin mata.

Ta ce to su je su nemo matar.

"Surukata," in ji Opanyin, "kwalbar giyar da muka kai gidanku ranar aure, wa ya dawo mana da ita?"

Babu wanda ya mayar da ita. A nan, aure ba ya mutuwa sai dangin mace sun mayar da kwalba. Lokacin da yake can, babu wanda za a miƙa wa a gabansa. Da ya dawo kuwa, kawunta ya tayar da maganar har sau biyu, ita da bakinta ta ce mutumin bai kai a ɓata masa kwalba da takalmi ba. Girman kai ne ya hana ta, ga shi yau ya ɗaure ta. A idon dangi da coci da gari duka, ita ce matar Egya Kwamena, ita za ta sa baƙi, ita za ta tsaya gaban akwatin gawa ta karanta shafinta.

Opanyin ya ce abin ba wuya, layi goma ne: miji ne na gari, bango ne abin jingina, da sauransu, ta ɗora babbar kalmar nan tata a kai a wuce wajen. In kuma ba za ta iya ba, ba komai, Fiifi zai buga, a sa sunanta a ƙasa. Ya faɗi haka yana kallon rufin shago kamar bai san inda ya taka ba, alhali ya sani sarai.

Ranta ya ɓaci. Ta ga abin ta ko'ina ƙaya ne. In ta rubuta ƙarya, duk waɗanda ta sa gumi a kan bencin nan za su zauna a coci suna kallonta, kuma daga ranar ba ta da bakin tambayar kowa me ya gani. In ta bar Fiifi, ƙaryar dai ce da sunanta, har da ƙarin cin fuska. In kuma aka bar shafin fari fat, Ewuresi ce za ta sha kunya, don surukanta mota biyu za su cika daga Takoradi, kuma babu abin da baƙi ke fara buɗewa sai shafin mata.

"Kawu," ta ce, "kar wanda ya taɓa min shafi. Laraba da tsakar rana mai ɗab'i zai same shi. Kuma duk abin da na sa, gaskiya ce."

Ɗaya daga cikin tsofaffin matan ta yi ƙasa da murya ta ce to lallai shafin zai yi gajarta. Anti Araba ta ji, ta juya ga tafiretarta.

Ta yanke shawarar za ta yi masa abin da take wa kowa, ba sani ba sabo. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ta tsare dattijon da ke kula da ƙofa. Abin da ya iya tunawa shi ne mamacin yakan zo a makare ya zauna a bencin ƙarshe, ya fita kafin a rufe addu'a. Ta rubuta a ɗan littafinta, ta duba, ta soke. Ran Litinin ta rufe shago, abin da ba ta taɓa yi ba sai da ciwo, ta je ɗakinsa. Tabarma ɗaya, tukunya ɗaya, riguna biyu a ƙusa, da gwangwani cike da alluran taru da ya sassaƙa da hannunsa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana jiran ko wani abu zai motsa a ƙirjinta. Haushi kawai ta ji, ta ja ƙofa ta fito.

Ran Talata ta gangara bakin teku, inda masunta ke zube a inuwar jirage suna gyaran kaya. Shekara da shekaru rabon ta da wajen. Takalminta na nutsewa a yashi, mata masu banda suna leƙowa daga bayan murhu suna taɓa juna. Ta nemi Egya Badu, tsohon da suka yi yawon teku tare da mamacin, ta zauna a kan wani gungume ta buɗe littafi.

Badu, bakinsa ba haƙori amma ba ya rasa tsiya, ya ce ikon Allah, yau Madam ce a cikin ƙarni, Allah ya sa ba ta ɓata hanya ba. Ta ce ya bar surutu ya gaya mata abin da ya gani da idonsa.

Ya gani kuwa. Ya ce a duk gaɓar nan babu mai ɗinkin taru kamarsa, in ya toshe ɓula sai ka rantse haka aka saƙa ta. Ya ce wata shekara a Abidjan igiyar ruwa ta kifar da jirginsu a bakin shiga, mutum huɗu suka maƙale a ƙarƙashin taru, Kwamena ya ɗaura igiya a ƙugu ya koma cikin ruwan nan har sau uku, a na ukun ne jirgi ya danne masa ƙafa. Badu ya buga ƙirjinsa ya ce shi ne na ƙarshen da aka jawo. Wasu tsofaffi biyu suka matso suka ce haka aka yi, suna nan.

Anti Araba ta rubuta duka, hannunta na gudu. Abu ne mai nauyi, ko ita ta san ya kai a ɗaga mutum dominsa. Amma tana kai ƙarshen shafi ta san ba nata ba ne. Ba ta ga igiya ba, ba ta ga ruwa ba. Wannan na shafin masunta ne, da sunan Badu a ƙasa, kuma a can za ta sa shi. Nata shafin yana nan yadda yake.

Tana rufe littafi sai wani magidanci ya zo wucewa ya tambayi Badu ko ran Asabar ne binne Mijin Akawu. Badu ya ce eh. Sannan ya juyo ya dube ta, ya ce ai yawancin waɗanda ke gaɓar nan yanzu ba su ma san sunansa na yanka ba. Sunan nan ya bi shi Abidjan, ya bi shi Banjul, ya dawo da shi gida, kuma bai taɓa hana kowa kiransa da shi ba.

"Kin dai san inda ya samo shi," in ji Badu.

Ta miƙe ta kaɗe zaninta, ta ce rana ta yi. Ba ta waiwaya ba har ta hau titi.

Laraba da safe motar farko ta sauke Ewuresi daga Takoradi. Ta tarar da uwarta a shago, farar takarda a tafireta, ƙwallayen takardu a ƙasa sun kai goma. Ewuresi doguwa ce kamar ubanta, mai sanyin magana, amma taurin kai na uwar ta ɗauko. Ta ce, Maame, in abin ya gagara a bar shi fari, za ta san abin da za ta gaya wa surukanta. Ta faɗi haka ne kawai, fuskarta ta nuna ba haka take so ba. Anti Araba ta ce ba a haifi shafin da zai gagare ta ba, saura awa huɗu.

Ewuresi ta ajiye jakarta. Ta kama uwarta a kafaɗa ta tashe ta daga kujera, ta zaunar da ita a kan benci, ita kuma ta haye kujerar. Ta zare tabarau daga hancin uwar ta ɗora a nata.

"To, Maame. Me ya yi, wanda kika gani da idonki?"

Wanzami dai ba ya son jarfa. Anti Araba ta ce ta tashi mata daga kujera kafin ranta ya ɓaci. Ewuresi ba ta motsa ba. Uwar ta ce ta ga ƙeyarsa ranar da ya tafi, a rubuta wannan. Ewuresi ta ce wannan kowa ya sani, kafin nan fa? Ta ce ba komai. Ewuresi ta ce mace kamarta ba ta auren ba komai, wane abu ya yi, ran wace rana? Haka ta yi ta mayar mata da tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, har gumi ya karyo wa Anti Araba a goshi. Can sai ta kafa wa ƙasa ido, ta fara magana da wata murya da 'yar ba ta san ta da ita ba.

A gaɓar nan, kifin da masunci ya kamo a kwanon matarsa ake juye shi. Ita za ta tsaya a bakin ruwa tana jira, ita za ta ɗauka a ka, ita za ta yi banda ta kai kasuwa. Da haka ake sanin namiji yana da gida. Araba kuwa ta gama makarantar midil ita ce ta ɗaya a Turanci, kuma babu abin da take so a duniya kamar makarantar tafireta ta Cape Coast. Da aka yi auren, uwar Kwamena ta riga ta gina mata murhu. Araba ta yi wata guda a cikin hayaƙi tana kuka tana cewa hayaƙin ne. Ran nan a gaban dangi duka, Kwamena, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya kama hannunta ya ɗaga ya ce hannun nan ba na murhu ba ne, gobe za ta hau mota. Uwarsa ta yi wata shida ba ta amsa gaisuwarsa.

Shekara biyu tana zuwa Cape Coast kullum. Shekara biyu jirginsu yana isowa gaɓa, matan kowa a jere da kwanoni, shi babu mai jiransa. Kuma ya ƙi yarda wata mace ta ɗaukar masa, don kar a ce ya yi wa Araba madadi. Da kansa yake ɗora kwanon a ka, kamar mace, ya ratsa kasuwa har murhun ƙanwarsa. A nan aka sa masa Mijin Akawu, har da waƙa. Bai taɓa gaya mata ba.

"Amma na gani," in ji Anti Araba. "Wata Alhamis aka tashe mu da wuri. Motarmu ta tsaya a bakin gada, sai ga shi. Kwano a ka, ruwan kifi na bin fuskarsa, ƙarti wajen shida na bin sa suna tafi suna waƙar nan. Shi kuwa yana tafiyarsa, bai ƙara sauri ba, bai rage ba."

Ewuresi ta tambaye ta me ta yi.

"Na sunkuya ƙarƙashin kujera. Ba don kar ya ji kunya ba. Don kar 'yan ajinmu su san mijina ne."

Daga nan sauran ya zubo da kansa. Da ta fara sa takalmi mai tsini, ƙarnin jikinsa ya fara damunta. Ta kafa masa dokar wanka kafin ya shigo ɗaki. Da ta buɗe shagon nan ta ce kar ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa, yana korar mata mutane. Ya ce to. Komai ta ce sai ya ce to, har ranar da ya ce zai je Abidjan kaka ɗaya. Ta share ido da gefen zani ta ce kar Ewuresi ta ɗauka wannan ya wanke shi. Duk abin da aka yi wa namiji, ba ya barin 'yar shekara uku ya yi shekara goma sha takwas ba wasiƙa. Wannan laifinsa ne, kuma da shi zai je gaban Ubangiji. Amma kwanon nan ma nasa ne. Ta daɗe da binne shi a ranta, don in ta tuna shi fushinta ba ya ci yadda take so.

Ewuresi ta cire tabarau ta miƙa mata, ta tashi daga kujera.

Tafireta ta yi ta ƙara ba tsayawa, ba a yaga ko takarda ɗaya ba. Sha biyu saura minti biyar Anti Araba ta shiga maɗaba'a da ƙafarta tana haki, ta ajiye shafi biyu, na masunta da nata. Ta gaya wa mai ɗab'i in ya canza mata ko ɗigo ɗaya, ita za ta rubuta nasa yabon, kuma ba zai ji daɗinsa ba.

Ran Juma'a littattafai suka fito. Kafin la'asar Opanyin Ekow ya iso shago, mayafi na zamewa, jikansa ya fassara masa shafin. Ya ce wannan wane irin abu ne, a ina aka taɓa tona asirin mamaci a littafinsa, a gaban baƙi? Ta ce an karanta masa har ƙasa? Ya ce layin farko ma ya ishe shi. Ta ce to gobe ya zo da wuri ya samu wurin zama a gaba, zai ji sauran. Littafi ɗari uku an riga an buga, ya san ba yadda zai yi, ya tafi yana ta faɗa shi kaɗai.

Asabar coci ta cika har waje. Masunta sun zo da jan ƙyalle a wuya, surukan Ewuresi sun cika benci biyu, Fiifi ma yana can baya ya zo kallo. Aka karanta tarihi, aka yi waƙa, wani ya karanta shafin masunta Badu na gyaɗa kai yana hawaye. Sannan fasto ya kira matar mamaci.

Ta fito cikin baƙi, ta tsaya kusa da akwatin, ta gyara tabarau. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta karanta cewa Kwamena Otu bai zauna da ita ba, bai ga girman 'yarsa ba, kuma ba za ta tsaya a ɗakin Ubangiji ta kira shi miji na gari ba. Wata daga cikin surukan ta dafe baki, Ewuresi ta ɗaga kai tana kallon uwarta. Anti Araba ta ci gaba. Ta karanta zancen murhu, da mota, da kwano, da waƙar, da abin da ta yi a ƙarƙashin kujera, ba ta rage wa kanta komai ba. Ta ce duk wanda ya taɓa zama a bencinta aka rubuta wa uwarsa ko ubansa abin da ya dace, ya sani a kan wuyan mutumin nan aka ɗauko shi. Sannan ta kai layin ƙarshe, inda ta buga babbar kalmar nan. Ta ce saboda kwanon nan, a gaban jama'ar Elmina da baƙinta, tana ɗaga shi sama da hannunta biyu, kowa ya duba.

Tsofaffin gaɓa da suka san waƙar nan, har da waɗanda suka rera ta, suka sunkuyar da kai. Fasto ya miƙe zai sa waƙar rufewa, masu ɗaukar gawa shida suka matso.

Ta ɗaga musu hannu ta ce su dakata. Sai a lokacin abin ya faɗo mata, ya kuma soke ta har cikin ƙashi: duk abin nan da ta karanta, da yana raye a bencinsa na ƙarshe, ko kalma ɗaya ba zai gane ba. Shekara shida yana zaune tafiyar minti goma daga shagonta, ba ta je ta gaya masa da harshen da yake ji ba.

Ta ninke littafin ta miƙa wa Ewuresi. Ta juya wa jama'a baya, abin da ba a yi, ta dafa akwatin da tafinta. Ta soma daga farko da harshen Fante, irin na bakin teku, tana kiransa Kwamena kamar yadda take kiransa suna sabon aure. A nan ne muryar ta karye, ta tsaya, ta ci gaba. Opanyin ya yi wa fasto alama da ido, fasto ya yi kamar bai gani ba. Mutum shida suna tsaye suna jira, rana tana yi, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba.

Sai da ta gama tsaf, sannan ta ja da baya ta ce su ɗauke shi.